Ranar da Ɗalibaina Suka Share Zanen Habboba

Akwai ranakun da mutum yake ajiyewa a zuciya kamar yadda iyayenmu mata suke ajiye turare a ƙasan akwati, ba kullum ake buɗewa ba, amma ƙamshin yana nan. Ranar da na kai ɗalibaina kallon kayan fasahar gargajiyar Indiya a birnin Madani na ƙasar Sudan tana cikin irin waɗannan ranaku, kuma ba na jin zan manta da ita ko da na tsufa har na fara neman tabaraun da yake kan hancina.

A lokacin ban daɗe da gama karatu ba. Na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Hajj Abdalla, aka ba ni aji huɗu a makarantar 'yan mata. Kaina cike yake da mafarkai. Ni ce mai tsayawa a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da take shayar da gonaki, ina kallon balbela tana bin shanu, ina haɗa baitoci a raina har a kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Na ɗauka cewa idan na nuna wa yaran nan abu mai kyau sau ɗaya tak, duniya za ta buɗe musu kamar furen auduga da hantsi.

Wata ƙawata ta jami'a ce ta ba ni labarin wata tsohuwa Ba'indiya da aka haifa a Madani, wadda danginta suka daɗe suna sayar da yadi da turaren sandal a kasuwa. Bayan rasuwar mijinta ta mai da ɗakuna biyu na gidansu wurin adana kayan gargajiyar ƙasar kakanninta, kuma tana barin 'yan makaranta su shiga idan an nemi izini. Na rubuta mata wasiƙa, ta amsa da cewa mu zo. Sai na tafi wurin mudir, shugaban makarantarmu, ina rawar jiki.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ustaza, yaran nan mafi yawansu ba su taɓa wuce kasuwar Hajj Abdalla ba. Ke kuma da kika tashi, sai Indiya?"

Na ce, "Madani dai, ranka ya daɗe."

Ya ce, "A wurin iyayensu duk ɗaya ne."

Gaskiyarsa. Da aka tara iyaye, wani dattijo ya ce ya ji labarin gidan gumaka ne, wani ya ce 'yarsa tana da wuyar sha'ani, idan ta fasa wa mutane abu ina zai sa fuskarsa? An daɗe ana jayayya kafin a yarda, kuma da sharuɗɗa. Ba yarinyar da za ta taɓa komai. Za a haɗa mu da babbar mace daga ƙauyen. Sannan sai na dawo da takarda da hannun matar gidan, tana shaida cewa yaran sun nuna ladabi. Mudir ya ƙara da nasa a ofis, a hankali, ba tare da faɗa ba: "Idan babu takardar nan, ko kuma ƙorafi ya biyo bayanku, babu yarinyar da za ta sake fita daga shingen makarantar nan da sunan yawon ilimi. Kuma ke ce za ki tsaya a gaban iyaye ki faɗa musu dalili."

Babbar macen da aka zaɓa ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Ba ta taɓa zama a aji ba, kuma har yau Hausarta irin ta kakanninmu ce da suka taso daga yamma, ba ta yarda Larabci ya cinye mata harshe ba kamar yadda ya cinye namu. Da na je gaya mata, tana toya kisra, wainar garin dawa mai faɗi marar kauri, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "To. Ke ki riƙe littahi, ni in riƙe ɗiyan mutane."

Muka ɗauki hafila, wato motar haya, da sassafe, ni da Gwaggo da yara goma sha biyu, kowacce ta sha man shafawa har goshinta yana ƙyalli. Tun daga ƙauye har Madani ina maimaita doka: "Kada ku taɓa komai a cikin ɗakunan. Me na ce?" Su amsa baki ɗaya, "Kada mu taɓa komai a cikin ɗakunan!" Daga nan su koma waƙoƙin finafinan Indiya da suke gani a talabijin ɗin maƙwabta, da kalmomin da ko a Indiya ba na jin akwai mai gane su. Wata ta tambaye ni ko za a yi ruwan sama, don ta lura mutanen can ba sa rawa sai ana ruwa. Wata ta ce ita dai tana so ta ga mugun nan mai gashin baki, ta gaya masa abin da yake yi ba kyau.

A cikinsu akwai wata 'yar shekara tara da kowa yake kira 'Yar Kaka, saboda kakarta ce ta raine ta. Ba ta da surutu, karatunta ma tsaka-tsaki ne, amma idan ta ga kara ɗaya a ƙasa hankalinta ba ya kwanciya sai ta ɗauke. Ita ce take share ajinmu ba tare da an sa ta ba. A mota ma ita kaɗai ce ba ta yi waƙa ba, tana ta tattara ɓawon gyaɗar da 'yan uwanta suke zubarwa tana ƙullewa a gefen mayafinta.

Tsohuwar da kanta ta tarbe mu a ƙofar da take kallon titi. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, tana dogara sanda, ta yafa zane mai kama da tob ɗin matan Sudan amma naɗin ya bambanta. Da ta buɗe baki sai ga Larabcin Madani tsantsa, wanda ya fi nawa daɗi. Yaran suka tsaya sororo.

Ɗaya ta raɗa mini, da ƙarfin da kowa ya ji, "Ustaza, wannan ai ba ta iya Indiyanci ba."

Tsohuwar ta tambayi abin da aka ce, na fassara mata ina jin kunya. Ta yi dariya har sandarta ta girgiza. Ta ce su kira ta Habboba, kamar yadda yaran unguwa suke kiranta, wato kaka. Sannan ta ce, "Za mu fara da ɗakunan. In mun gama, akwai abin da na shirya muku a tsakar gida. Wannan shi ne na ƙarshe, kuma shi ne na fi so ku gani."

Ɗakin farko dogo ne, mai sanyi, yana ƙamshin sandal da tsohon katako. Akwai 'yan tsana masu igiya rataye a bango, da rawunna ja da idanu manya kamar an ba su labarin mamaki. Akwai dawakan yumɓu masu dogon wuya, da zannuwa da aka ɗinka wa ƙananan madubai, hasken taga yana faɗa musu yana watsuwa a rufi kamar taurari sun ɓata hanya sun shigo da rana. Yaran suka haɗa hannuwa a baya, kamar yadda Gwaggo ta umarce su, suna tafiya kamar agwagi. A gaban wani sassaƙe mai jikin mutum da kan giwa Gwaggo ta ja tsaki a hankali ta yi a'uziyya, sannan ta sake leƙawa ta ce, "Amma wanda ya sassaƙa kunnen nan ya san aikinsa."

Abin da ya fi kama su wani babban ƙyalle ne mai launin jan ƙasa, an zana mutane farare ƙanana a kai, wasu suna noma, wasu suna ɗauke da tulu, mata biyu kuma suna daka a turmi ɗaya. Yaran suka yi cincirindo.

"Ustaza, ai wannan ƙauyenmu ne!"

"Ga Inna da matar Baffa suna daka!"

"Ƙarya kike, matar Baffanki yaushe ta taɓa riƙe taɓarya?"

Ni kuwa a nan ne mafarkina ya kwashe ni. Na fito da littafina, na fara jawabin da na kwana uku ina shiryawa, a kan yadda hannun talaka yake zana rayuwarsa iri ɗaya ko a bakin wane kogi yake zaune. Na yi magana da Larabci, na juya da Hausa, har na sa wasu baitoci nawa a ciki ba tare da na ce nawa ne ba. Habboba tana gyaɗa kai cikin haƙuri. A tsakiyar jawabin ne na ji an ja gefen mayafina, 'Yar Kaka ce da ƙawayenta biyu, suna son shan ruwa. Habboba ta nuna musu ƙofar tsakar gida, ta ce randa tana nan ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Na ce su je su dawo maza, na koma kan baitocina. Yanzu idan na tuna, nakan ce da na san tsawon jawabina da na san sun daɗe. Gwaggo kuwa, wadda ta zo riƙon ɗiyan mutane, tana can ɗaki na biyu ta durƙusa a gaban wani zane mai madubai tana ƙirga ɗinkinsa da ido.

Da muka gama, Habboba ta gyara zanenta, fuskarta ta yi haske kamar ta yarinya ranar salla. Ta ce, "Yanzu ku zo. Ku bi a hankali, ku kula da ƙafafunku." A hanya take gaya mini cewa mahaifiyarta mutuniyar kudancin Indiya ce, kuma a can mata suna zane a ƙofar gida da garin shinkafa don tarbar baƙo. Ta ce tun rasuwar mijinta ba ta yi ba, gwiwoyinta ba sa yarda. Amma da ta ji 'yan mata ne za su zo daga ƙauye, ta tashi tun asuba ta durƙusa, ta yi babba, irin na ranar biki.

Muka fito tsakar gida. Ban taɓa ganin wuri mai tsabta kamar wannan ba. An share shi tas, an yayyafa ruwa, har sawun tsintsiya ya fito a jere kamar kunyoyin gona. A gaban ƙofar cikin gida 'Yar Kaka tana tsaye da kwano a hannu, ƙawayenta biyu a bayanta, ɗaya tana riƙe da tsintsiya. Dukkansu suna murmushin wanda yake jiran yabo.

'Yar Kaka ta matso, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ake yi wa manya, ta miƙa kwanon da hannu biyu. Ta ce da Larabcinta na ƙauye, "Habboba, ga garinki. Wasu yara marasa kunya ne suka ɗiba suka yi wasa da shi a ƙasa, har tururuwa ta fara ja. Mun ɗanɗana mun ji shinkafa ce. Mun tsince tsakuwar, in aka tankaɗe zai yi."

Habboba ta dubi kwanon, ta dubi ƙasa, ta sake duban kwanon. Ta nemi kujerar da take jikin bango ta zauna a hankali, ta ɗora hannu a gwiwarta, gwiwar da ta durƙusa da ita tun asuba.

Ina so in ce tausayinta ne ya fara zuwa mini, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya. Abin da ya fara zuwa mini takarda ce. Na ga mudir yana cire tabarau, na ga dattijon nan yana cewa ai dama ya faɗa, na ga ƙofar makaranta ta rufe a kan yaran da ba su ma shigo aji ɗaya ba tukuna. Tsoro ya hau kaina, ya fito ta bakina da Larabci, don matar gida ta ji cewa ba da yawuna aka yi ba.

Na ce, "Me na gaya muku a mota? Wane irin ƙauyanci ne wannan? Ba ku da ido ne, ba ku ga zane ba ne?"

Mai tsintsiyar ta ce, "Ustaza, cewa kika yi kada mu taɓa komai a cikin ɗakunan. Nan waje ne."

Ɗayar ta ƙara, "Kuma ba da hannu muka fara taɓawa ba."

'Yar Kaka tana nan durƙushe da kwanon a sama, hannuwanta sun fara gajiya, hawaye suna sauka ba sauti. Na buɗe baki zan ci gaba, sai na ji hannun Gwaggo a kafaɗata, mai nauyi kamar dutsen niƙa.

Ta ce da Hausa, "Ke, rufe bakinki. Mi ɗiyar ga ta yi wanda ba mu muka koya mata ba? Ta shiga gidan tsohuwa ta ga tsakar gida da datti, ta ɗauki tsintsiya. Ta ga abinci a ƙasa, ta ɗauke shi kada a taka. In laihi ne, na kakarta ne da nawa da na uwar da ta haihe ki. Kina can kina waƙa."

Sai ta wuce ni, ta je gaban Habboba, ta zauna a ƙasa dirshan duk da girman shekarunta. Larabcin Gwaggo na ciniki ne, na sayen albasa da rage farashi, amma da shi ta yi bayani, tana haɗawa da hannu. Ta ce a wurinmu yarinyar da ta shiga gidan babba ta ga aiki ta wuce, ba a ce an raine ta ba. Ta ce a wurinmu ba a tsallake hatsi, ko ƙwaya ɗaya ce sai an ɗauka an ɗora a kan katanga don tsuntsu. Ta ce, "Girmama ki suka yi, Hajiya, sai dai sun yi shi a inda ya yi miki ciwo. Ma'alesh, ki yi haƙuri."

Habboba ta miƙa hannu ta karɓi kwanon daga hannun 'Yar Kaka, ta sa yatsa ta motsa garin. Ta ce, "Yara marasa kunya, ko?"

'Yar Kaka ta gyaɗa kai tana shessheƙa.

"Yarinyar da ta yi wasan nan shekarunta sun haura saba'in," in ji Habboba. "Kuma uwarta ma haka ta riƙa ce mata, marar kunya, tana ɓarnar gari."

Dariyar ta fara ne daga ita, ƙasa-ƙasa, tana share ido da gefen zane, ban san rabon dariya da na kuka a ciki ba. Sai Gwaggo ta kama, sai yara. Da ta natsu ta ce mana zanen nan dama ba a yinsa don ya kwana. Da garin shinkafa ake yi don tururuwa da tsuntsaye su ci, ƙafar baƙo ta taka, gobe a share a sake wani. Ta ce, "Abin da ya yi mini zafi kawai, ban ga idanunku a kansa ba. Amma a gidan mahaifiyata, kafin a zana sai 'ya'ya mata sun share sun yayyafa ruwa. Nawa 'ya'yan suna ƙasashen waje. Yau shekara nawa ba wanda ya share mini ƙofa ba tare da na roƙa ba." Ta dubi 'Yar Kaka. "Kin yi rabin aikin. Gwiwata ba za ta sake durƙusawa yau ba, sai ki ƙarasa."

Haka aka yi. Tana zaune a kujera tana nuni da sanda, yara suna ɗiga gari da yatsu biyu, ɗigo a nan, ɗigo a can, sannan a zagaye su da layi. Layin farko ya fito kamar hanyar jakin da ya sha rana. Habboba ta ce ba komai, tururuwa ba ta duba kyau. Da suka gaji da bin umarni sai kowacce ta koma abin da hannunta ya sani: wannan ta zana furen lalle irin na yayarta, waccan ta yi zanen faifan da ake rufe abinci da shi. Gwaggo ta daɗe tana cewa ita ba yarinya ba ce, daga baya muka gan ta a gefe ta ɗebi gari tana fitar da zanen hular da take ɗinka wa maza, tana korar duk wadda ta matso. Ni ma na gwada. Nawa ne ya fi kowanne muni, kuma yaran ba su ɓoye mini ba.

Sai da muka sha shayi muka yi haramar tafiya sannan na iya buɗe baki a kan takardar, kaina a ƙasa. Habboba ta ce in kawo alƙalami. Ta rubuta, ta ninke, ta ce kada in buɗe. Tun daga Madani har gida takardar nan tana cikin jakata kamar garwashi. A mota na matsa kusa da 'Yar Kaka, na ce mata ta yafe mini kalmar da na faɗa. Ta dube ni da mamaki, don ba ta taɓa jin babba ya nemi gafarar yaro ba. Ta ce, "Ba komai, Ustaza. Amma hannunki yana rawa ne shi ya sa layinki ya karkace."

Washegari mudir ya buɗe takardar a gabana da wasu iyaye uku. Ya karanta a zuci, ya cire tabarau, ya mayar, sannan ya karanta a fili. Ta rubuta cewa makarantu da yawa sun zo gidanta sun kalli kayanta, amma waɗannan ne baƙi na farko da suka bar gidan ya fi yadda suka same shi tsabta. Ta ce a gaishe da matan da suka raine su. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: ƙofarta a buɗe take ga kowane aji na makarantar, amma a riƙa sanar da ita da wuri don ta ɓoye tsintsiya.

Mudir ya ce, "Ustaza, wannan layin na ƙarshe fa?"

Kafin in haɗa amsa Gwaggo, wadda ta biyo ni ba tare da an gayyace ta ba, ta ce daga bakin ƙofa, "Maganar mata ce, Malam. Sa hannu kawai."

A shekarar aji biyar da aji shida ma sun je. Yanzu abubuwa da yawa sun sauya a Madani, kuma ban san inda Habboba take ba, ina dai yi mata fatan alheri duk inda take. Ni kuwa har yau ina koyarwa, kuma abin da ranar nan ta koya mini ba a kan Indiya ba ne. Na gane cewa sau da yawa idan babba ya daka wa yaro tsawa a gaban baƙo, ba tarbiyya yake yi ba, kansa yake wankewa. Tun daga lokacin, duk yarinyar da ta yi mini ɓarna, kafin in ce mata me ya sa kika yi haka, nakan haɗiye fushina in tambaye ta: me kike so ki gyara?